Kyaftin Uku a Sansanin Kontagora

Cikin duk shekarun da na yi ina manajan ƙungiyar ƙwallon kwando, akwai wata Asabar da ta ƙi fita daga raina, kuma har yau idan na tuna ta sai na ji kaina ya ɗau zafi. A nan Kontagora abin ya faru, da tsakiyar damina, muna sansanin shirin shiga gasar lig. Tun da yawancinku, ku sababbin jami'an ƙungiyoyi, ba ku fara aikin nan ba a lokacin, bari in fara da yadda tsarin yake.

A ƙungiya irin tamu, wadda 'yan wasanta albashi suke ɗauka, ciyaman ne a sama, shi ke sa hannu a kan komai. Daga shi sai babban koci, wanda fili da duk abin da ake yi a cikinsa nasa ne. Sai manaja, wato ni: masauki, abinci, mota, riguna, takardun rajista, da rabon faɗa idan ya tashi. Kafin a fara gasa ana tara 'yan wasa fiye da yadda ake buƙata, a yi makonni ana gwada su, sannan a aika sunayen sha biyu. Mu sha shida muka kawo a wannan shekarar, ke nan mutum huɗu za su koma gida. Ɗakin wasanmu na Minna ana gyaransa, shi ya sa ciyaman, wanda ɗan garin nan ne, ya samo mana filin siminti na wata kwaleji da ɗakunan kwanan ɗalibai, tun da suna hutu.

Abubuwa ne suka haɗu suka faɗo a kaina. Tsohon kyaftin ɗinmu ya yi ritaya, Koci Danjuma kuma ya ce ba zai naɗa wani ba sai ya gama ganin halin kowa a sansani. Mataimakin koci ya samu aiki a wata ƙungiya, ba a kawo madadinsa ba. Sai ga shi ranar Talatar mako na uku an bugo wa Koci waya cewa mahaifinsa ya rasu a Zuru. Yana haɗa jaka yana rubuta mini tsarin atisaye a takarda, ya miƙo mini ya ce in riƙe masa su zuwa Litinin, manyan 'yan wasa za su taimake ni. Na tambaye shi wane ne babba a cikin manyan. Ya ce duk sun san aikinsu. Mutum yana cikin makoki, ban ja maganar ba. Kuskurena na farko ke nan.

Manyan da yake nufi su uku ne. Akwai Garba, wanda ake kira Soja ko da yake bai taɓa shiga bariki ba. Ya fi kowa shekaru, ya fi kowa iya jefa ƙwallo daga nesa, kuma ya yi imani cewa ɗan wasa ba ya gyaruwa sai an daka masa tsawa a gaban jama'a. Ba ya makara, ba ya ha'inci, amma idan ya buɗe baki masu kabu-kabu a bakin titi sukan waigo. Akwai Nura, mai raba ƙwallo, wanda ya yi jami'a, yana jin Hausa da Nupe da Turanci, shi ne ma tafintan yaranmu na kudu. Kowa abokinsa ne. Matsalarsa ita ce ko shinkafa da wake za a dafa sai ya ce a ji ra'ayin kowa tukuna. Na ukun shi ne Ishaya, mutumin wajen Rijau, dogon da sai da muka ƙara masa benci a ƙarshen gado don ya samu inda zai ajiye ƙafa. Shi ke tsayawa ƙarƙashin kwando. Sai ya wuni bai yi magana goma ba. A ganinsa idan ya yi abu daidai, duk mai ido zai gani ya kwaikwaya.

Washegarin tafiyar Koci da asuba aka yi ruwan sama, ruwa ya kwanta a fili. Ƙarfe shida da rabi na iso na tarar Garba ya jera rabin 'yan wasa a layi yana cewa ko a cikin kogi ne sai an yi gudun da Koci ya rubuta. Nura ya ja sauran ƙarƙashin bishiyar mangwaro, wai a ɗaga hannu a ga masu son a jira rana ta fito. Shi kuwa Ishaya bai ce wa kowa komai ba, ya je ya aro tsintsiyar kwakwa wurin maigadi yana ta korar ruwa shi kaɗai daga wannan kwando zuwa wancan. Filin da mutum sha shida za su share cikin minti goma, shi ya yi kusan awa guda yana fama, bai ce wani ya zo ya kama masa ba. Kafin ya gama, ɗaya daga cikin yaran Garba ya zame ya gurɗe ƙafa, 'yan taron Nura kuma sun rabu biyu ba su cimma komai ba. Ranar nan ba a yi atisayen kirki ba.

Na kira su ukun na ce su zauna su fitar da mutum ɗaya da zai riƙa magana har Koci ya dawo. Garba ya ce ai a fili yake, shi ne babba. Nura ya ce wannan ba abin da mutum uku za su yanke wa mutum sha shida ba ne. Ishaya ya ce duk wanda aka zaɓa shi ba shi da matsala, ya ɗauki takalminsa ya fita. Da na yi abin da ya kamata, da a nan take na nuna mutum ɗaya na ce kai ne, ko da kuwa sauran za su yi fushi. Sai na ce a raina wannan hurumin Koci ne, kada ya dawo ya ce na shiga masa aiki. Na bar su a haka.

Cikin sababbin da ake gwadawa akwai Haruna, ɗan Salka, mai shekara ashirin da biyar. Malamin wasanni ne a wata makarantar kuɗi, ya ajiye aikin ya zo gwaji, ya bar matarsa da jaririya a gidan iyayensa. Bai iya cin maki sosai ba, amma wajen tsare abokin hamayya ba ya gajiya, kuma duk abin da aka ce ya yi shi zai yi. Kafin Koci ya tafi ya faɗa mini a asirce cewa hankalinsa ya fi kwanciya da a riƙe shi, sai dai yana kan gaɓa, tsakanin na sha biyu da na sha uku.

Ranar Asabar muna da wasan sada zumunci da wata ƙungiya daga Kaduna, an shirya shi tun kafin rasuwar. Ranar Litinin kuma dole takardun rajista su tafi. Saboda haka ciyaman ya aiko cewa zai zo da kansa ya kalla, kuma da abin da ya gani zai cike sunayen. Na buga wa Koci waya ban same shi ba, ana ta karɓar gaisuwa. Na duba takardar da ya bar mini, wajen tsaron gida layi ɗaya kawai ya rubuta: a bi yadda aka saba.

To, mu tsari biyu muka saba, kuma dole in bayyana muku su don ku gane abin da ya biyo baya. Akwai tsaron mutum-da-mutum, inda kowa zai ɗauki abokin hamayya ɗaya ya manne masa duk inda ya je. Akwai tsaron yanki, inda kowa zai tsaya a wurin da aka ba shi ya tare duk wanda ya shigo, ba ya bin kowa. Kowanne yana aiki idan mutum biyar ɗin da ke fili suka yi shi tare. Abin da ba ya aiki shi ne wasu su yi wannan wasu su yi wancan. Ban sani ba ashe ranar Juma'a bayan sallar la'asar Nura ya zaga ɗaki-ɗaki ya ji ra'ayi, mafi yawa suka ce yanki, ya ɗauka magana ta ƙare. Garba yana wanki a lokacin, ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa ya faɗa masa. Shi kuma da safiyar Asabar ya tare yara a bakin famfo ya ce mutum-da-mutum za a yi, duk wanda ya saki mutuminsa zai gamu da shi.

Ƙarfe huɗu aka busa usur. Jama'a sun cika gefen fili, ciyaman yana zaune ƙarƙashin rumfa da takarda da biro a hannu. Na fara da manyan uku da Haruna da wani yaro ɗan kudu. Wasan zango huɗu ne, kowanne minti goma, kuma tun a minti biyun farko na ga akwai matsala, sai dai ban gane mece ce ba, domin ni rabona da buga ƙwallo tun ina kwalejin horon malamai. Haruna zai tsaya a kusurwarsa kamar yadda Nura ya ce, sai mai lamba bakwai na Kaduna ya zagaya can gefe babu kowa a kansa ya jefa. Garba ya daka masa tsawa: “Haruna, mutuminka!” Haruna ya bar kusurwa ya bi lamba bakwai, sai wani ya faɗo ta kusurwar da ya bari ya ci. Nura ya matso ya dafa kafaɗarsa ya ce ya kwantar da hankali ya koma wurinsa, ai an yi magana jiya. Ya koma. Lamba bakwai ya sake ci.

Na nemi hutun minti ɗaya, wanda mai jagorantar 'yan wasa daga benci ke da damar nema don a gyara tsari. Kafin in buɗe baki Garba ya fara zazzaga wa Haruna masifa, Nura yana cewa a bar kowa ya faɗi abin da ya gani, yana juya maganar da Turanci saboda yaron kudu. Ishaya yana shan ruwa yana kallon ƙasa. Usur ya tashi ban faɗi kalma ɗaya ba. Sau biyu ina neman hutun nan kafin a tafi rabin lokaci, duka biyun haka suka ƙare.

Shi Ishaya, da yake a bayan kowa yake tsaye, yana ganin duk ramukan da ake bari. Maimakon ya yi magana sai ya ɗauki aikin toshe su shi kaɗai: ya ruga nan, ya ruga can, yana isa a makare yana bugun hannun mutane. A dokar wasa idan ka yi laifi biyar ka fita ke nan, ba ka dawowa. Tun zango na uku bai yi nisa ba ya cika biyar ɗinsa, ya zo ya zauna kusa da ni ya rufe kai da tawul. Daga nan abin ya zama abin kunya. Da tazarar da aka ci mu gara kada in faɗa.

Ana tashi ciyaman ya yafito ni, ya miƙo mini takarda. Sunaye huɗu ya ja wa layi, na farkonsu Haruna. Na ce, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a jira Koci. Yaron nan ba haka yake wasa ba.” Ya ce shi ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya ga ana shiga ta wurinsa kamar ƙofar kasuwa, kuma ba zai biya albashi ga wanda bai san inda zai tsaya ba. Ya ƙara da cewa ni ma zai so ya ji dalilin da benci ya zama dandalin gardama. Ya shiga mota ya tafi.

Sai a hanyar komawa ɗaki yaron kudu ya faɗa mini zancen umarni biyu. Na sa aka kira mini su ukun cikin wani aji, na rufe ƙofa. Ban taɓa ɗaga murya a kan ɗan wasa ba kafin ranar, amma ranar na yi. Garba ya ce shi gaskiya ya faɗa, mutum-da-mutum ne ya dace da ƙungiyar Kaduna, kuma ko yanzu a tambayi Koci. Nura ya ce shi abin da jama'a suka zaɓa ya bi, kuma yana ganin a kira kowa a tattauna. Na ce idan ya sake ambatar taro zan jefa shi ta taga. Sai na juya wurin Ishaya na tambaye shi ko bai lura da komai ba.

Ya ce, “Na gani tun ƙwallo ta uku, Manaja. Biyu suna yanki, biyu suna bin mutum.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“Ba wanda ya tambaye ni.”

Na zauna a kan tebur na riƙe kai. A cikin su ukun, wallahi a wannan lokacin shi na fi jin haushi, shi da kowa ke yabo da haƙuri. Na ce musu aikina ne in sanar da wanda aka cire, kuma zan sanar da sauran ukun, amma Haruna su za su je su faɗa masa da bakinsu, ina tsaye.

Muka same shi a bayan ɗakin kwana yana wanke rigar wasansa. Nura ya fara, ya yi ta kewaye-kewaye a kan yadda kowa ke ƙaunarsa da yadda rayuwa take, har Haruna ya fara murmushi yana zaton yabonsa aka zo yi. Garba ne ya katse shi.

“Haruna, an cire sunanka. Kuma ba wasanka ne ya jawo ba, mu ne. Ni na fi kowa laifi.”

A hankali ya faɗe ta, irin muryar da ban san yana da ita ba. Haruna ya matse rigar, ya shanya ta a igiya, ya goge hannu a wando, sannan ya ce, “Yaya Garba, da abu ɗaya kuka ce in yi, ko ba daidai ba ne, da na yi shi har a tashi.” Daga nan ya tambaye ni ƙarfe nawa motar Salka ke tashi da safe.

Kuna zaton daga nan sun koyi sanar da manaja kafin su yi abu? Ranar Lahadi da hantsi ina karyawa sai ga wayar ciyaman, yana tambaya ko ni na turo masa ƙattai uku ƙofar gida. Na hau babur na ruga. Na tarar da su a zaure, Ishaya ko kayan coci bai cire ba. Ashe Garba ya riga ya fara da cewa ciyaman bai fahimci wasan ba, saura kaɗan a kore shi shi ma. Nura ya zaro takarda mai sa hannun 'yan wasa, ciyaman ya ce shi ba majalisa yake gudanarwa ba. Ina shiga ina ba da haƙuri sai Ishaya ya durƙusa, ya roƙi a ba shi biron da ke aljihun ciyaman. A bayan takardar Nura ya zana fili, ya sa ɗigo biyar, ya bi ƙwallayen da aka ci mu ɗaya bayan ɗaya: inda Haruna yake, wanda ya ce ya tsaya a nan, wanda ya ce ya bar nan. Da Hausarsa mai karin Dukanci ya yi kusan minti goma yana bayani. A shekara huɗu da na san shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya ƙare da cewa shi ya ga komai ya yi shiru, don haka idan cirewa za a yi saboda wasan jiya, sunansa ya kamata a fara ja wa layi.

Ciyaman ya daɗe yana kallon zanen. Bai janye ba, domin ya riga ya faɗa wa wanda ya maye gurbin Haruna, kuma ba mutum ne mai son a ga ya sauya magana ba. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne Haruna ya zauna yana atisaye da mu ba tare da rajista ba, a kan rabin albashi, har a buɗe rajistar tsakiyar kakar wasa. Na aika aka dawo da shi daga tasha, ya riga ya sa jaka a but ɗin mota. Wata huɗu ya yi yana zama a bayan benci da kayan gida yana kallon wasu suna bugawa. Daga baya an yi masa rajista, ya buga mana shekara biyu, amma waɗannan watanni huɗun ba wanda ya mayar masa da su.

Koci ya dawo ranar Litinin, na ba shi rahoto a rubuce, har da nawa laifin. Ya tambaye ni wa nake ganin ya dace da kyaftin. Na ce a yadda nake ji yanzu, babu. Ya yi dariyar da bai yi ba tun rasuwar, ya naɗa Garba, abin da ban so ba. Dalilinsa shi ne a cikin su ukun Garba ne kaɗai zai iya faɗin magana marar daɗi a fuskar mutum, har da a kan kansa. Amma ya kafa doka: idan ƙwallo tana hannun abokan hamayya, muryar Ishaya kaɗai za a bi, kuma duk atisayen da Koci bai jiyo shi daga tsakiyar fili ba sai ya zaga fili sau goma. Ishaya ya sha zagaye a watan farko. Garba bai daina tsawa ba, sau biyu ina cin sa tara a kakar nan. Nura kuwa ya ci gaba da zaga ɗakuna, sai dai yanzu abin da ya jiyo Koci yake kai wa, kuma ta haka muka riƙa sanin wanda ke ɓoye ciwo da wanda gida ya dame shi.

Abin da na ɗauka daga wannan mako shi ne, a cikin mutanen nan uku babu malalaci, babu mugu, kowannensu ƙungiyar yake so da gaske, amma hakan bai hana su kusan raba wani bawan Allah da abincinsa ba. Ni kuma da nake jin haushinsu, kwana huɗu ina da damar nuna mutum ɗaya na ƙi, don gudun kada a ce na wuce matsayina. Tun daga lokacin, ko awa biyu koci zai yi ba ya nan, ba ya fita ƙofa sai ya faɗa mini a gaban kowa wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Ku kuma da za ku riƙa zama da biro a gefen fili, idan kuka ga ana ta ci ta wurin wani ɗan wasa, kada ku yi saurin jan layi a kan sunansa. Ku fara kiransa gefe ku tambaye shi abin da aka ce ya yi, da kuma mutum nawa ne suka faɗa masa.